Shi Ne Sarki, Shi Ne Waziri: Musayar Waƙa a Kan Jerry Jones

Ɗan Tasha:
Salamu alaikum jama'a. Batun wannan mako ƙwallon Amurka ce, mai hular kwano da kokawa, ba tamaula ba. Jerry Jones ya sayi Dallas Cowboys a 1989 a kan dala miliyan 140, kuma har yau shi ne mai kulob, shi ne babban manajan da ke ɗaukar 'yan wasa da sallamarsu. Da baiti ake amsawa. Wanda ya yi zube, tararsa goro.

Da sunan Rabbu zan buɗe zance,
A kan dattijon da ya ƙi shawara.

Kulob nasa ne, kujerar manaja tasa,
Shi ke ɗauka, shi ne ke kora.

Da shigarsa gida ya sallami koci Tom Landry,
Hidimar shekara 29 ta tafi shara.

Rabonsa da kofi tun Janairun 1996,
Jaririn ranar yau yana da yara.

Koci in ya gaza, manaja ya kore shi,
In manajan ya gaza, ina za a kai ƙara?

Hajiyar Arlington:
Ɗan Tasha ƙanena, taka birki,
Ka faɗi rabi, ka bar rabi a ciki.

Kakar wasansa ta farko wasa 1 ya ci cikin 16,
Duk Teksas tana yi masa tsaki.

Ya miƙa wa Minnesota gwanin ɗan wasa Herschel Walker,
Ya kwaso damar zaɓen samarin kirki.

Ta wannan ƙofa Emmitt Smith ya shigo,
Ga Aikman gwanin jifa, ga Irvin zaki.

52 da 17 aka yi wa Buffalo a Pasadena,
Suka dawo baɗi, aka sake rufe musu baki.

Kofin Super Bowl 3 cikin kaka 4,
Ina ni ina cewa mai wannan bai iya aiki?

Malam Na-Gefe:
Hajiya, Allah ya ƙara girma,
Mai tukunya daban, daban mai kaɗa miya.

Koci Jimmy Johnson ne, abokinsa tun Arkansas,
Sun ci kofin jami'o'i a 1964 a riga ɗaya.

Shi ke da idon gane yaro tun yana ɗalibi,
Cinikin Walker ma dabararsa ce, a faɗi gaskiya.

Ya ɗauko kofi 2 a jere ya dire,
Sai kishin kirari ya shiga zuciya.

Aka jiyo maigida yana cewa da irin yaran nan,
Koci 500 ma za su iya.

A Maris ɗin 1994 aka ya da kwauren ganga,
Bayan an gama cin moriya.

Magajinsa Barry Switzer da ya ɗauko na ukun,
Ɗumame ya yi da sauran tuwon jiya.

Sai Disambar 2023 maigida ya rataya sunan Jimmy cikin gwarzaye a fili,
Shekara 29 kafin ya ji kunya.

Hajiyar Arlington:
Malam, wa ya ɗauko Jimmyn daga Miami?
Mai zaɓen kuku ma ai ya san girki.

Akawun Kasuwa:
Ku dakata in kawo lissafi, don na ga kowa da zuciya yake magana.

Ɗan Tasha:
Akawu, wannan zube ne. Goro ɗaya.

Akawun Kasuwa:
Na karɓi tara, a rubuta da sunana,
Ku bar batun kofi, ku zo mu leƙa gona.

Abin da ya saya a miliyan 140,
A 2024 ya haura biliyan 10, Forbes ta nuna.

Ba kulob a duniya da ya kai shi tsada,
Ko Real Madrid a bayansa ta kwana.

Ya gina fili a Arlington a 2009,
Fiye da dala biliyan 1 aka ƙona.

Ko a ci ko a sha kashi, kujeru a cike,
Rigar mai tauraro ba ta yin kwantai a rana.

To mai kulob ya duba littafi ya ga riba,
Da wane dalili zai ce manaja bai yi bana?

Ciwon ke nan da ba ku taɓo ba,
Aljihu bai taɓa jin zafin da kuke ji a ƙauna.

Autan Zaure:
Yayyena, ni ban ga zamanin kofi ba,
Da na buɗe ido sai na tarar da takaici.

Tun 1996 ko wasan kusa da na ƙarshe,
Ba mu taka ba, sai dai sauyin koci.

Parcells ya zo ya tafi, Garrett ya daɗe,
McCarthy ya bi su, manaja na nan ba ya motsi ko a barci.

Janairun 2024 Green Bay ta zo har gida,
48 da 32, daren nan ban ci abinci.

Sai ga Agustan 2025, Micah Parsons namu,
Aka miƙa wa Green Bay ɗin, wannan ai ganganci.

Filin da Akawu ke yabo, tagarsa na yamma,
Rana ke dukan idon 'yan wasa a kan lokaci.

Lamb ya nemi ƙwallo a sama bai gan ta ba,
Aka ce a sa labule, tsoho ya ƙi, don sarauta da ɗaci.

Hajiyar Arlington:
Auta, share hawaye, zo in tuna maka,
Ba kullum tsohon nan ke ɓarin baki.

Romo a zaɓen sababbin 'yan wasa ba wanda ya ɗauke shi, Dallas ta tsince shi,
Prescott a zagaye na 4 aka samo shi a sauƙi.

Daga 2021 zuwa 2023, nasara 12 kowace kaka,
Wasu garuruwan da sun samu sai buki.

Al Davis ma a Raiders shi ne wuƙa shi ne nama,
Kofi 3 ya ɗaga, ba wanda ya ce masa ya saki.

Malam Na-Gefe:
Davis koci ne tun kafin ya mallaki kulob,
Naku daga haƙar mai ya ɓullo, Hajiya.

Ɗan Tasha:
Na rubuta takardar koke a kan manaja,
Na kai ofishin mai kulob, na zauna na jira.

Ƙofa ta buɗe, ga wanda nake ƙara,
Ya karɓa da murmushi, ya ce za a gyara.

An haife shi a 1942, na ce watakila ya huta,
Sai na hango ɗansa Stephen a gefen kujera.

Hajiyar Arlington:
Ku gama zaginsa, Lahadi na tafe,
Na san ku duka da rigar tauraro a jiki.

Ku zo falona kallo kamar yadda kuka saba,
Akawu, ka taho da goron, kar ka ce ka bar shi a ɗaki.