Wasan kwaikwayo a dandali kan gwagwarmayar ƙuri'a: ta ina za mu fara?

Sakataren Matasa, ƙasar Taura

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na son yin wasan kwaikwayo a fili bayan an gama girbi, don tunawa da waɗanda suka sha ɗauri da bulala kafin talaka ya samu ƙuri'a a Arewa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba. Mu goma sha huɗu ne, uku 'yan mata. Muna da filin firamare, ƙaramin janareto na aro, da lasifika ɗaya. Idan ƙauyukan kewaye sun shigo za a kai mutum 400 zuwa 500. Wane labari za mu ɗauka, yaya na baya zai ji magana, kuma yaya za mu tsira daga a ce kamfen muke yi wa wata jam'iyya? Iyaye da yayye, a taimaka.

Malamin Tarihi, Ringim

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku ce za ku ba da tarihin NEPU kaf, daga kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 har rasuwar Malam Aminu Kano a Afrilun 1983. Kafin ku kai rabi fili ya watse. Ku ɗauki gida ɗaya na manomi, ku bi shi ta zaɓe uku.

Fitowa ta farko, 1951. Namiji mai biyan haraji ne kawai ke zaɓe, kuma zaɓen hawa-hawa ne: ƙauye ya fitar da wakilai, su je gunduma su fitar da wasu, a haka har lardi, inda En'e, hukumar sarakuna ta lokacin, ke da ikon ƙara nata mutanen. Shi ya sa NEPU ta taka rawa a matakin ƙasa a birnin Kano, amma da aka kai sama ba ta tura kowa majalisar Kaduna daga Kano ba. Wannan kada ku faɗe shi da baki. Ku jera mutum takwas, a tace su koma huɗu, a tace su koma biyu, sai dogari ya shigo da wasu biyu daga gefe ya tsayar da su a gaba. Ko yaro ya gane abin da ya faru.

Ta biyu, zaɓen tarayya na 1959. Ƙuri'a ta koma ta asiri, kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan labule, da alamar jam'iyyarsa a jiki: tauraro na NEPU, fartanya ta NPC, jam'iyyar Sardauna. A wannan zaɓen Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Maigida ya shiga ya fito, matarsa tana tsaye bakin zana tana kallo, domin matan Kudu sun jefa ƙuri'a a wannan shekarar, na Arewa ba su da hali. Nan zuciyar wasan take, a nan za ku daɗe.

Ta uku, 1979. Matan Arewa sun samu ƙuri'a tun zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, amma 1979 ne babban zaɓensu na farko, kuma a lokacin ne shekarun zaɓe suka sauko daga 21 zuwa 18. Matar nan da ta tsaya bakin zana, yanzu ga ta da furfura a layi, ɗanta matashi na bayanta. Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano a PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta lokacin, ya soke haraji da jangali, kuma ku tuna Jigawa a lokacin cikin Kano take, sai 1991 aka fitar da ita. Takardar harajin da za ku nuna an ɗaure maigida a kanta a fitowa ta farko, a nan za a yage ta.

Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku zauna da tsofaffi biyar ko shida na garinku, maza daban mata daban. Ku tambaye su yadda ake karɓar haraji, wa ke riƙe igiya, me ake cewa idan an haɗu da ɗan jam'iyya a hanya. "Sawaba" da "Salama" kowa ya san taken NEPU ne da na NPC, amma zambon da ake yi a kasuwarku sai a bakinsu. Idan mutum biyu a cikinku za su iya zuwa Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu da ke Gwammaja a Kano, su je su ga kayan Malam da idonsu, zai gyara muku sutura.

Tsohon Ɗan Dirama, Bichi

Allah gafarta Malam, tsarin ya yi. Bari in ɗora da fili.

A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida. Ku fara 4:15, da an fito la'asar, ku gama wasa ƙarfe biyar, a yi tattaunawa zuwa 5:30. Minti 45 ke nan, kowace fitowa minti 12 zuwa 13, sauran na mai gabatarwa. Wasan dare na ci kuɗin fitila, mata ba sa fitowa, kuma duhu na gayyato waɗanda ba kallo ya kawo su ba.

'Yan wasa su tsaya gabas suna fuskantar yamma, 'yan kallo su juya wa rana baya. Riba biyu ce: hasken yamma na sauka a fuskar ɗan wasa, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, sai ta ɗauki murya ta kai wa jama'a. Idan kuka juya tsarin, 'yan kallo za su wuni suna kare ido da hannu, iska kuma ta kwashe maganar ta kai gona. Illarsa ɗaya, ƙurar ƙafafunku ma jama'a za ta bi, don haka a yayyafa jarka shida zuwa takwas na ruwa awa ɗaya kafin farawa. Yayyafi, ba kwarara ba, kada ƙasa ta yi santsi.

Wurin wasa taku goma a faɗi, taku bakwai a zurfi, a shata da toka. Bangon aji ya zama bayanku, aji ɗaya wurin sauya kaya. Jama'a su zauna kamar rabin wata: yara a tabarma sahu uku, bencinan makaranta na dattawa, masu tsayuwa a baya. Toka ba ta tare yaro. A kafa turaku a ja igiya daidai gwiwa, a sa manya huɗu a bakinta, in ba haka ba kafin fitowa ta biyu yara sun cinye rabin filin. Kada ku ɗora katako a kan durom ku ce dandamali ne. Durom ya kusa mita ɗaya, katako na rawa, kuma a wurin kokawar kamu da dogari wani zai faɗo.

Rubutaccen wasa mai dogayen jawabai ba ya rayuwa a fili. Tsarin da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi a Samaru da Soba da Maska da Bomo shi ya fi dacewa da ku: a tattaro labari daga bakin mutanen gari, a tsara ƙashin bayan kowace fitowa, 'yan wasa su cike da bakinsu a wurin gwaji, abin da ya zauna a riƙe shi. Gwaji sau uku a mako, mako huɗu, biyun ƙarshe a ainihin filin kuma a ainihin lokacin. A tsayar da mutum ɗaya taku ashirin daga igiya, duk layin da bai ji ba ya ɗaga hannu a maimaita.

Wata dabara daga ma'aikatan gona na Kaliforniya, da suka fara wasa a bayan mota a yajin aikin 1965: kowa na rataye allo a wuya mai sunan matsayinsa. Ku yanka kwali, harafi tsawon tafin hannu, boko a sama ajami a ƙasa: Manomi, Dogari, Alƙali, Malamin Zaɓe. Da haka mutum ɗaya zai fito a matsayi uku. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu, a kalankuwa samari sun saba naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda a tsakaninsu.

In kuna da ɗaliban sakandare, kuna iya sa minti uku kan Salma ta jihar Alabama a Amurka, inda aka doke masu tattaki a kan gada ranar 7 ga Maris 1965, aka sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agustan shekarar.

Malamin Tarihi, Ringim

Yaya, a nan na saɓa maka. Salma ta cancanci wasanta daban. A minti uku sai ka yi bayanin launin fata da jarrabawar karatu da ake yi wa baƙar fata kafin rajista, labarin gidan manomin ya yanke. Jimla ɗaya a bakin mai gabatarwa ta isa: baƙaƙen Amurka sun samu dokarsu a 1965, iyayenmu mata suka ƙara jiran shekara goma sha ɗaya.

Mai Gyaran Amfilifaya, Gumel

Lasifika ɗaya ba za ta riƙe mutum 500 ba, na gefe za su ji guna-guni kawai. Ku nemi biyu, a ɗaure a kan sanduna masu tsawon mita uku, ɗaya dama ɗaya hagu, a gaban layin makirfo, suna kallon jama'a. Kukan da lasifika ke yi na zuwa ne idan makirfo ya shiga gabanta: ya ɗauki sautinta ya mayar mata, abu ya yi ta zagayawa. Maganinsa ba cika murya ba ne, a ja makirfo baya.

Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai wutarsa na hawa da sauka, shi ke ƙona amfilifaya, ga ƙara. Amfilifayar masallaci yawanci tana karɓar batir mai bolt 12. Ku ari batirin sola mai amfiya 100 cikakke. Amfilifaya mai wat 100 ba za ta ci rabinsa a awa biyu ba, kuma shiru kake ji. A kula da jan waya da baƙa, juya su sau ɗaya na kashe na'ura. In dole sai janareto, a kai shi bayan ajujuwa mita 30, a sa sitabilaiza, a cika tanki tun farko, kuma kada a haɗa cajin waya a layin.

Makirfo uku: biyu masu waya a kan sanda a gaban fili, a zana da'irar toka inda mai magana zai tsaya, ɗaya mara waya na mai gabatarwa, da sabon batir da na ajiya a aljihu. Baki ya yi nisan yatsa huɗu. A sa soso a kan makirfo, ko safa mai kauri, saboda iskar hunturu. Waya a binne ta cikin ƙasa zurfin yatsa. Kalangu da ganga ba sa buƙatar makirfo, kuma makaɗi ya ɗauke hannu da zarar an fara magana.

Uwar Ƙungiyar Mata, Birnin Kudu

'Ya'yana, tambayarku ta ƙarshe ita ce mai wuya, kuma ba wanda ya taɓa ta.

Izini daga ƙasa ake hawa: mai unguwa, dagaci, shi zai kai ku ga hakimi. Takarda ga shugaban makaranta da sakataren ilimi saboda fili, takarda ga DPO mako biyu kafin ranar, a gaida liman a gaya masa lokacin tashi. Ku gayyaci dagaci da liman gwajin ƙarshe, abin da za a yi gardama a kansa a yi ta a cikin aji, ba gaban jama'a ba. Ku tuna jikokin masu karɓar harajin nan su ne za su zauna a bencin gaba. Kada a ambaci sunan gari ko gida ko sarautar da ake da ita a ƙasarku. Dogari da alƙali sun isa ɗaukar nauyin zaluncin, kuma a ba wa dogarin ko layi ɗaya da zai nuna shi ma aike ne.

Sai kaya. Malam Aminu da farar riga da jar hula aka san shi, amma yau jar hula a Kano da Jigawa wata magana take yi. Ku bar Malam a bayan fage, a ji labarinsa a bakin mutane, ko ya fito da farar hula. Tsintsiya kada ta shigo ko don shara, lema kada ta shigo ko don rana. Makullin PRP ma jam'iyyar na nan da rai, a fitowar 1979 a ce "zaɓe" kawai. Tauraro da fartanya na jam'iyyun da suka shuɗe ne, ku yi amfani da su. Ɗan siyasa ya ba da gudunmawa, a yi godiya a gida, ba a miƙa masa makirfo. In lokacin kamfen ya kama, ku ɗaga wasan.

Namiji kada ya ɗaura zane ya fito a Gambo Sawaba. Da ya taka fili dariya za a fashe da ita, matar da aka rubuta an ɗaure ta sau 16 ta koma abin wasa. 'Yar Zariya ce, an haife ta 1933, ta jagoranci matan NEPU, ta je har Abekuta wurin jagorar gwagwarmayar mata Funmilayo Ransome-Kuti, ta rasu 2001. A cikin 'yan matanku a ba wa mai kaifin murya, da yardar iyayenta baki da baki, da babbar mace mai raka su gwaji. Gefen mata ya zama dama, da hanyar shigarsa daban da randar ruwa, kuma a sanar ta gidajen suna da islamiyya, domin shelar kasuwa ba ta shiga cikin gida.

A tattaunawa a fara kai makirfo gefen mata, a nemi wadda ta yi zaɓen 1979. In aka fara da maza, magariba za ta yi ba su saki ba.

Sakataren Matasa, ƙasar Taura

Mun gode, Allah ya saka. Hajiya, idan iyayen 'yan matan suka ƙi fa?

Uwar Ƙungiyar Mata, Birnin Kudu

Sai a kafa zana a gefen fili, mace ta yi magana daga bayanta da makirfo, ba a ganin ta. A fitowar 1959 hakan ma ya fi dacewa da labarin. Ta 1979 kuwa ku roƙi tsofaffi mata uku ko huɗu su taso daga cikin jama'a su shiga layin akwati, ba sai sun ce komai ba. Ku gaya musu tun jajibiri, a ajiye musu benci kusa da igiya.