Shin daɗewa a aikin ɗan sanda ta isa hujjar zama sherif?

Malamin Makaranta: Ra'ayina shi ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin kakin ɗan sanda ya fi kowa cancantar kujerar sherif, wato shugaban jami'an tsaron gunduma wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a a Amurka. Hujjata ita ce zaɓen gundumar Los Angeles na 2022. Robert Luna ya yi shekara 36 a rundunar 'yan sandan birnin Long Beach, ya hau mataki bayan mataki har ya zama shugabanta a 2014, ya sauka a ƙarshen 2021, sannan ya kayar da sherif mai ci, Alex Villanueva, da tazara mai faɗi. Masu zaɓe sun ga gogewa, suka bi ta.

Barista: Malam, ina girmama ra'ayinka, amma akwai abin da ka tsallake. Aikin sherif ba sintiri a titi ba ne kawai. A gundumar Los Angeles, mai mutane kusan miliyan 10, ofishin sherif ne ke riƙe da gidajen yarin gunduma, waɗanda suke cikin mafi girma a ƙasar baki ɗaya, shi ne ke tsaron kotuna, kuma shi ne ke aikin 'yan sanda a birane fiye da 40 da suka ɗauke shi kwangila. Long Beach birni ne da mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. Wanda ya saba da kama mai laifi ba lallai ne ya san yadda ake kula da dubban fursunoni ba, musamman masu taɓin hankali, waɗanda yawansu a waɗannan gidaje ya daɗe yana damun hukumomi.

Malamin Makaranta: To Barista, idan haka ne, sai a ce a zaɓi wanda ya tashi a cikin ofishin sherif ɗin kenan?

Hajiya: Ku ba ni dama in shigo a nan, domin tarihin wannan gunduma ya amsa wannan tambaya da kansa. Lee Baca ɗan gida ne, ya yi shekaru masu yawa a ofishin kafin ya riƙe kujerar daga 1998 zuwa 2014, amma ƙarshensa hukuncin ɗaurin shekara 3 ne a 2017, bisa laifin kawo cikas ga binciken hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, kan cin zarafin fursunoni. Villanueva ma ɗan gida ne, kuma wa'adinsa ya cika da rigima da majalisar gunduma da hukumar sa ido ta farar hula, musamman kan zargin cewa wasu jami'ansa sun kafa ƙungiyoyin asiri masu zanen jiki iri ɗaya, irin su Banditos a ofishin gabashin Los Angeles. Saboda haka ni a ganina, abin da ya ba Luna nasara shi ne kasancewarsa baƙo a wannan gida, wanda babu wanda ya riƙe masa wuya a ciki. Shekarunsa 36 sun taimaka, amma ba su ne ginshiƙin ba.

Barista: Hajiya ta taɓo inda ya dace, sai dai ita ma hujjarta tana da rauni. Jim McDonnell baƙo ne shi ma, ya yi kusan shekara 30 a rundunar birnin Los Angeles, ya shugabanci Long Beach kafin Luna, aka zaɓe shi sherif a 2014 domin ya gyara ɓarnar zamanin Baca, amma bayan wa'adi ɗaya Villanueva ya kayar da shi a 2018. Shugaban 'yan sandan birni naɗa shi ake yi, yana da wanda yake amsa wa kullum. Sherif kuwa ɗan siyasa ne, dole ya nemi kuɗin yaƙin zaɓe da goyon bayan ƙungiyoyi, ciki har da ƙungiyar jami'an da zai hukunta idan sun yi laifi. Makarantar 'yan sanda ba ta koyar da wannan.

Malamin Makaranta: Na yarda cewa gogewa ita kaɗai ba ta isa ba, amma har yanzu ban ji wanda ya nuna mini cewa wanda bai taɓa sa kaki ba zai fi ba. Dokar Kalifoniya, jihar da gundumar take ciki, ma ta shardanta wa ɗan takarar sherif shaidar horo ko gogewa a aikin tsaro.

Hajiya: Haka ne Malam, kuma ba mu ce a kawo wanda bai san aikin ba. Abin lura shi ne, a ranar da masu zaɓe suka ba Luna kujerar, a wannan ranar suka amince da dokar da ta ba majalisar gunduma ikon tsige sherif idan mambobi 4 cikin 5 suka yarda akwai dalili. Da sun amince cewa tarihin aikinsa ya wadatar, da ba su ɗaura masa wannan linzami ba tun kafin ya shiga ofis.