Okid ya yanƙwane a ɗaki: a duba saiwa kafin a ƙara ruwa

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da okid, wata shukar fure ta ado, irin Phalaenopsis, na cikin ɗaki. Furanninsa sun zube, ganyen ya yi laushi ya yanƙwane, alhali duk bayan kwana biyu ana ba shi ruwa. Waɗanda suka taɓa farfaɗo da irinsa, me ya yi muku aiki?

Tsohon Mai Lambu: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ruwan ne ya yi masa yawa. Yanƙwanewar ganye tana ruɗar mutane: ƙishi na kawo ta, ruɓewar saiwa ma na kawo ta, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa. Sai mutum ya ga ganye ya langaɓe, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. A dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, inda wannan okid ya fito, a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa a iska, ruwan sama ya jiƙa ta, ta bushe.

Zare shi daga tukunya ki duba. Lafiyayyar saiwa tana da tauri, launin azurfa in ta bushe, koriya in ta jiƙe. Matacciya ruwan ƙasa ce, in kin matsa ta sai ta lotse, fatar ta saɓule ta bar siririn zare. Goge almakashi da sifirit, ki yanke duk irin waɗannan. Ki leƙa ƙarƙashin gindin ma, sau da yawa akwai dunƙulen gansakuka da masu reno suka bari, shi ke riƙe ruwa. Cire shi.

Uwar Furanni: Gaskiyar Baba ce. Bayan yankan, kada ki kuskura ki dasa shi a ƙasar shuka. Sabon ɓawon itace na okid za ki sa, a ƙaramar tukunyar roba da ake ganin cikinta, mai huji da yawa. Babbar tukunya ba ta bushewa da wuri. Ɓawon nan kuwa yana ruɓewa, bayan shekara 1 zuwa 2 a sake shi.

Ba shi ruwa: tsoma tukunyar a ruwa marar sanyi minti 10 zuwa 15, ki ɗaga ta ta tsane sarai, kada ta zauna a faranti mai ruwa. Yawanci kwana 7 zuwa 10 ne tsakani, amma launin saiwa ne alƙali. In tana kore shar, a bari tukuna.

Mai Tukwane: Ƙari ɗaya, Hajiya. Ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganye, inda sabon ganye ke fitowa, shi ke ruɓar da kan shukar, kuma da wuya ta tashi. A tsotse shi da tishu nan take, a riƙa ba da ruwan da safe. Masu ɗora ƙanƙara a tukunya a maimakon ba da ruwa kuma, ni dai ban yarda da su ba, ba ta jiƙa ɓawon gaba ɗaya.

Mai Tambaya: An ce in barbaɗa garin kirfa a inda na yanke. Sandar furen fa, har yanzu koriya ce, in yanke ta ko in bar ta?

Tsohon Mai Lambu: Kirfa a yankan ganye ko na sanda kawai, tana busar da saiwa. Sandar kuma yanke ta daga gindi. Mai lafiya ake yanke wa a saman gaɓa don ya sake fure, naki ƙarfinsa ya tafi ga saiwa tukuna.

Uwar Furanni: Ki ajiye shi a tagar gabas, ko bayan labule mai shara-shara. Rana kai tsaye tana ƙona ganye. Zafin digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Celsius ya yi masa. Taki sai sabuwar saiwa ta leƙo, sannan rubu'in abin da aka rubuta a kwalba, kuma sau ɗaya a wata a kwarara ruwa zalla ya wanke gishirin takin. Tsofaffin ganyen ba lallai su miƙe ba, sabon ganye da koren bakin saiwa za ki sa wa ido, kuma hakan kan ɗauki watanni.

Mai Tukwane: Ki duba bayan ganye ma. In kin ga wasu fararen ƙwari kamar auduga, ki goge su da audugar da aka jiƙa da sifirit, ki maimaita duk mako har su ƙare.