Me Yahudawa ke cewa kan kunyata mabuƙaci?

Tela a Kasuwar Dole: Salamu alaikum. An raba hatsi a unguwarmu nan Damagaram, ana kiran sunan kowace tsohuwa da lasifika, ana ɗaukar hotonta tana riƙe da tiya biyu. Wata iya ta rufe fuska da mayafi. Abin ya tsaya mini a rai. Na ji an ce Yahudawa na da magana kan wannan, gaskiya ne?

Malamar lakwal, Birni: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne. Talmud, babban littafin koyarwar malaman Yahudawa, ya kwatanta kunyata mutum cikin jama'a da zubar da jini. Malamansu kuma sun ce Adamu kaɗai aka fara halitta don kada wani ya ce ubansa ya fi na wani. Musa bin Maimun, wani babban malaminsu wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka mataki 8. Mafi girma, ka ba mutum sana'a ko jari. Mai bi masa, mai bayarwa da mai karɓa kada su san juna.

Ɗan Sabon Gari: Malama, mu ma an hore mu kada mu ɓata sadaka da gori. Malam, ku roƙi masu rabon su riƙa kaiwa gida-gida bayan isha'i.

Tela a Kasuwar Dole: Na gode. Gobe in sha Allah zan sami mai unguwa.