Yawon jirgin ruwa mai araha: abin da aka tattauna

Ga abin da 'yan uwa na Katsina suka haɗu a kai:

1. Tikiti yakan ƙunshi ɗaki, abinci da wasu abubuwan nishaɗi na cikin jirgi. Lemo, intanet, wanki da ladan ma'aikata na kullum, galibi daban ake biya.
2. Ɗaki mafi araha ba shi da taga. Mai jiri ya nemi na tsakiyar jirgi a hawan ƙasa, can tangaɗi ya fi sauƙi.
3. Zagayen Turai sai da bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai. A isa garin tashi, kamar Basalona ta ƙasar Sifaniya, da kwana 1 a hannu, don jirgi ba ya jiran kowa.

An rabu kan abinci. Wasu sun ce a nemi na halal tun wajen yankan tikiti, wasu sun ce kifi da ganye sun wadatar. Ni na fi karkata ga na farko.