Neman kalma: me za mu kira "puzzle platformer" kafin Asabar?

'Yar Gwale: Assalamu alaikum. Ina da shirin matasa a rediyo ranar Asabar, gobe zan miƙa rubutun. Maganar a kan wasannin kwamfuta ce da Turawa ke kira "puzzle platformer", irin su Limbo da Inside da Braid da Gris. Wanda kake sarrafawa a wasan yana tafiya yana tsallake rami kamar Mario, amma zafin hannu ba ya fid da shi, sai ka tsaya ka gano wane akwati za ka ja, wace igiya za ka kama. Ku agaza min da kalma.

Na Farm Centre: Wa alaikumus salam. Anti, mu a kasuwa "gem ɗin tsalle" muke cewa, kowa ya gane.

Malamin Hausa: Gem ba Hausa ba ce. Ki ce "wasan tsalle mai wasa ƙwaƙwalwa".

'Yar Gwale: Allah ya gafarta Malam, na gwada faɗa da baki. Wasa sau biyu a jere, ɗaya na nishaɗi ɗaya na wuƙa. Karin sauti ya raba su, amma harshena ya harɗe.

Bakin Zuwo: Wasan dandamali, tunda "platform" dandamali ne?

'Yar Gwale: Mai sauraro zai zaci wasan kwaikwayo ne a gaban 'yan kallo.

Ɗan Fagge: Ku huta, na gama muku aiki: TSALLAƘWALWA. Tsalle da ƙwaƙwalwa, kalma ɗaya tak.

Na Farm Centre: Yaya, wannan ai sunan ciwo ne. "An kwantar da shi, tsallaƙwalwa ce ta kama shi."

Bakin Zuwo: To kacici-kacici fa?

Malamin Hausa: Kacici-kacici da baki ake yi, a tambaya a amsa.

Na Farm Centre: Kuma Limbo ko kalma ɗaya ba a furtawa a cikinsa. Kamfanin Playdead na Denmak ne ya fitar da shi a 2010, baƙi da fari kawai, yaro a daji, ƙaton gizo-gizo na bin sa. Shirun nan shi ne daɗinsa. Na buga shi a waya da daddare an ɗauke wuta, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin haushinsa, tarko yakan kashe ka tun ba ka gan shi ba, sai ka mutu sannan ka koya. Wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce, wahala ce. Gris kuwa, na 'yan Sifaniya na 2018, kamar zanen fenti yake, launuka na dawowa ɗaya bayan ɗaya, amma ba a mutuwa sam, ƙanwata ma ta gama shi. Idan kika ce "wasa ƙwaƙwalwa" kin yi masa alƙawarin da ba zai cika ba. Braid na 2008 ne kaɗai ya sa ni gumi, inda kake mayar da lokaci baya ka gyara kuskurenka.

Ɗan Fagge: Duk tsallaƙwalwa ce, wata mai tsanani wata mai sauƙi.

Malamin Hausa: Kun ga abin da nake faɗa. Yaro ya san shekarar kowane wasan Turawa, amma a tambaye shi langa ko dara ya yi zuru. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero tun 2006 yake, wa ya buɗe shi a cikinku?

Na Farm Centre: Malam, da girmanka, na yi langa har na goge gwiwa. Kuma kwamfuta da rediyon da Anti za ta shiga, wane kakanmu ne ya raɗa musu suna?

Malamin Hausa: Aron dole daban, aron ƙwalisa daban.

Ɗan Fagge: Shi ya sa na ƙirƙiro tamu. In da daga Landan aka fara jin ta a rediyo, da tuni kun haddace.

Bakin Zuwo: Ku 'yan Fagge komai sai kun ce ku kuka fara.

'Yar Gwale: Jama'a, gobe fa zan miƙa. "Wasan tsalle da dabara" ya yi? Dabara ta ɗauki mai wuya da mai sauƙi, har ja akwatin.

Malamin Hausa: Ba laifi. Ta fi gem, ko da yake langa ma tsalle ce da dabara.

'Yar Gwale: Zan sa "na kwamfuta" a ambaton farko. Saura ɓangaren kyan zanen, don shi ne ke jan mutane, ko da wasan zai ƙare a 'yan awanni ya bar ka ba ka fahimci ƙarshensa ba, kamar Inside. "Mai ƙawa" ko "na fasaha"?

Na Farm Centre: Fasaha yanzu kowa kimiyya yake ji.

Malamin Hausa: Asalinta ba haka ba ne, mawaƙi ma fasihi ne. Amma je ki da "mai ƙawa", na gaji.

Ɗan Fagge: Anti, ko sau ɗaya ki ambaci tsallaƙwalwa, ki ce wasu na cewa haka.

'Yar Gwale: Wasu su wa, Yaya? Kai kaɗai ne.