Wa Ya Dawo Da Gawo Maradi: Manomi Ko Mai Bincike?

Tsohon malamin gona: Ina nan kan bakana. Binciken yaranmu na jami'a a kan itatuwa, a ɗakin karatu yake ƙarewa. Ku dubi Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka koma sassaben zamani: ba sa tumɓuke kututture, sai su bar 'yan rassa masu ƙarfi su tashi. An farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Wane ɗalibi ne ya yi wannan?

Ɗalibar digiri na biyu: Baba, da girmanka, wa ya ƙidaya hekta miliyan 5 ɗin? Masu bincike ne suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sannan duniya ta gaskata. Kafin nan dashen itatuwa kawai ake ta yi, rani na cinyewa.

Tsohon malamin gona: 'Yata, ƙidaya daban, aiki daban.

Manomi daga Daura: Malam ya yi gaskiya a nan. Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi kyau. Ba a aji suka koya ba.

Ɗalibar digiri na biyu: Ban musa ba, Kawu. Amma gawo nawa gona ɗaya za ta ɗauka? Wane irin wake ne zai jure inuwa? Irin tambayoyin da ake bi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero ke nan, kuma ɗalibai ne ke yini a rana suna awon. Abin da ke min ciwo, mu je ƙauye mu kwashi bayani, mu rubuta da Turanci, ba mu koma mu gaya wa mutanen abin da muka gano ba.

Mai sayar da sola: Kun manta Mohammed Bah Abba na Jigawa. Tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya su yi kwanaki ba lantarki. Har lambar yabo ta Rolex ya samu. Wannan ba bincike ba ne?

Tsohon malamin gona: Shi ai wajen magina tukwane ya je ya zauna. In za ku yi haka, ba ni da ja.

Manomi daga Daura: To 'yata, ki zo da bazara kafin a fara sassabe. Gonata tana nan, ki auna, amma sakamakon da Hausa nake so.